Kurakuran da ake tafkawa wajen rubuta ƙa'idojin jerin toshe saƙonnin shara na imel

Duk mai kula da jerin adireshin IP (lambobin da ake gane kwamfutoci da su a intanet) da ake toshewa saboda saƙonnin shara, wato imel ɗin da ake watsa wa jama'a ba tare da sun nema ba, hukunci yake yankewa a kan wasiƙun mutanen da bai taɓa gani ba. Shi ya sa rubutun ƙa'idarsa ba abin yi da gaggawa ba ne.

Kuskure na farko shi ne rashin faɗin laifi dalla-dalla. A rubuta “masu aika shara” a yi shiru. Wace hujja ake karɓa? Saƙo ne ya faɗa tarkon da aka ɗana, ko ƙorafin mutum ɗaya ya isa? Spamhaus, ƙungiyar yaƙi da saƙonnin shara wadda aka kafa a 1998, ta raba abin gida-gida: SBL na masu aika shara, XBL na kwamfutocin da aka yi wa kutse, PBL kuma na adireshin da bai kamata su aika imel kai tsaye ba. Na ƙarshen ba zargi ba ne, kuma ƙa'idar ta faɗi haka.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne a bayyana ƙofar shiga, a manta da ta fita. Ƙaramin kamfani yana haya a sabar (kwamfutar da ke aika imel) ɗaya da wasu ɗaruruwa, maƙwabcinsa ya yi ɓarna, shi kuma takardun cinikinsa su daina isa. Wa zai kai wa kuka? A rubuta inda za a nemi cirewa, da kwanakin da za a jira amsa, da lokacin da adireshi zai fita da kansa idan ɓarnar ta tsaya. Kada adireshin ƙorafin ya zama yana tace saƙonni da jerin da ya toshe mai ƙorafin. Kuma kada a karɓi kuɗin cirewa. Takardar RFC 6471 ta 2012, mai bayanin yadda ya kamata a gudanar da irin waɗannan jerin, ta yi gargaɗi a kai, domin mai cin riba da cirewa zai so sakawa.

Idan za a faɗaɗa toshewa zuwa dukan adireshin kamfanin intanet, a faɗi matakan tun farko, a sanar da shi kafin a yi.

Sai batun rufewa. A 2003 Osirusoft, wani mai gudanar da irin wannan jeri, ya daina aiki ta hanyar saka duniya baki ɗaya a jerinsa, wasiƙun halal suka yi ta komawa ga masu su. A rubuta cewa ranar rufewa za a ba da sanarwa da wuri, a kwashe jerin ya zama fanko, a bar shi haka har masu dogaro da shi su cire shi daga sabobinsu.