Yadda batirin gem ɗinku zai kai har a tashi makaranta

’Yan uwa masu zuwa makaranta da na’urar wasan gem ta Nintendo Switch, kafin ku fita daga gida ku sa ta a yanayin jirgin sama, wanda ke kashe Wi-Fi, ku rage hasken allo.

Hasken nan da neman Wi-Fi suna cikin abubuwan da ke shanye caji.

Idan aka kaɗa ƙararrawa, kada ku kashe ta gaba ɗaya. Danna maɓallin wuta sau ɗaya ya isa, za ta yi barci. Hutu na gaba, daga inda kuka tsaya za ku ɗora.

Amma fa ku riƙa adana wasan tukuna. Batir ya mutu tana barci, abin da ba ku adana ba ya tafi.

Wasan da sai da intanet, dabarar ba ta yi masa. In kuma makarantarku ta hana, don Allah ku bar ta a gida.