Kafin ka yarda da ƙarin kuɗin haya

Mai gida ya ce zai ƙara kuɗi alhali rufi na yoyo, bango ya tsage? Kar ka tsaya cacar baki, ɗau hoto da wayarka tukuna, musamman da damina lokacin da ruwa ke ɗiga cikin bokiti a tsakar ɗaki. A New York ta Amurka, gidajen da hukuma ke ƙayyade hayarsu, in ɗan haya ya kai ƙara aka tabbatar da lalacewar ana dakatar da ƙarin har sai an gyara. Mu nan Kano sai da lallami, ka tafi da dillali ko mai unguwa ka ce Alhaji a gyara tukuna, a rubuta kowa ya sa hannu. In tsagewar mai haɗari ce wallahi kar ka jira, sanar da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.