Yadda Nake Kula da Enzayim ɗin ERK2 Tun Ranar da Ya Iso

Da akwatin da aka aiko ERK2 a ciki ya iso, fara duba busasshiyar ƙanƙarar da ke ciki. In ta ƙare kuma abin da ke cikin ɗan bututun ya narke, ɗauki hoto ka aika wa kamfanin kafin ka taɓa komai.

ERK2 enzayim ne, wato furotin mai hanzarta wani aiki a jiki, kuma ɗan aike ne a cikin ƙwayar halittar ɗan Adam. Saƙon girma ya zo daga waje, sai furotin-furotin su riƙa tada juna: Ras ya tada Raf, Raf ya tada MEK, MEK kuma ya tada ERK2, shi kuwa ya ɗebo fosfet daga ATP (sinadarin da ke ɗauke da makamashi a ƙwayar halitta) ya liƙa wa wani furotin. Wanda muke saya ba daga jikin mutum aka ciro shi ba, galibi ƙwayoyin bakteriyar E. coli ake sa wa su ƙera shi. Na bincike ne kawai, ba magani ba ne.

Karanta takardar da ta zo da shi da kyau: mai aiki ne ko wanda ba a tada ba? ERK2 ba ya aikin kirki sai an sa masa fosfet a wurare biyu na jikinsa da ake kira Thr185 da Tyr187. Na taɓa ɓata mako biyu ina zargin hannuna, ashe wanda ba a tada ba na saya. Ka kuma lura ko an maƙala masa GST (wani furotin da ake haɗa masa don sauƙin tace shi), don nauyinsa zai tashi daga kusan kilodalton 42 zuwa wajen 68 (kilodalton ma'aunin nauyin furotin ne).

Abin da na fi damuwa da shi shi ne rabawa. Narkar da shi a kan ƙanƙara, ba a tafin hannu ba. Juya bututun a santirifuj (na'urar da ke juya bututu da sauri) na ƴan daƙiƙoƙi, don sau da yawa ɗigon yana maƙale ne a murfi. Wanda bai sani ba sai ya buɗe ya ga wayam. Kada ka girgiza shi, kumfa tana lalata shi. Raba shi ƙanana, maikirolita 2 zuwa 5 a kowane bututu, ka rubuta kwanan wata, ka kai firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Duk narkewa da sake daskarewa ƙarfinsa take ci. A nan da wuta ke ɗaukewa ba sallama, can ƙuryar firiza nake tura shi, nesa da ƙofa.

Ranar gwaji, ka haɗa ruwan aiki mai pH (ma'aunin tsami) 7.5 da magniziyam da DTT (sinadarin da ke kare furotin daga lalacewar iska), ka tsarma enzayim ɗin da ɗan BSA (furotin daga jinin shanu) don kada ya manne a jikin roba. MBP (myelin basic protein) ne furotin da aka saba ba shi ya yi aiki a kai. ATP ne ƙarshen shiga, daga nan agogo ya fara: minti 20 zuwa 30 a digiri 30. Sinadarin EDTA ke tsayar da aikin, saboda yana kama magniziyam. Ka ware bututu ɗaya da ba enzayim a ciki, da shi za ka kwatanta sakamako.

Ragowar da ka tsarma, zubar da ita. Gobe ka ciro sabon bututu.