Darasi Na Shida: Dangin Zaitun, Da Yadda Ake Gane Su

Jama'a, yau kan bishiyoyi za mu yi magana. Su ma suna da dangi, kuma masana ba da kamannin 'ya'ya kaɗai suke raba su ba, ganye da fure suka fi dubawa.

Dangin zaitun a boko ana ce musu Oleaceae, iri kusan 600 ne a duniya. Zaitun ɗin da muka sani, wanda aka ambata a Suratut Tin, shi ne Olea europaea, ya fi son ƙasashe irin su Sifen da Italiya da Tunisiya. Amma 'yan uwansa da yawa a ƙasa mai zafi suke. Yasmin mai ƙamshin nan da ake shukawa a gidaje ɗan gidansu ne, jinsinsa kaɗai iri wajen 200, har akwai Jasminum dichotomum da ke fitowa da kansa a dajin Afirka ta Yamma. Akwai kuma Olea capensis na dazukan kan tudu, katakonsa nauyi gare shi sosai har nitsewa yake a ruwa.

To ga inda nake so ku natsu. Atili ɗinmu na Filato, wanda ake kawowa daga wajen Pankshin ana jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, mutane da yawa a nan Jos sun ɗauka zaitun ne saboda 'ya'yan sun yi kama kuma ana matse mai a ciki, amma wallahi ba gidansu ɗaya ba. Atili sunansa Canarium schweinfurthii, danginsa su ne hano da dashi, masu ƙaro mai ƙamshi. Man atili abin alfahari ne, kuma ni dai a ganina mai sayarwa ya kira shi da sunansa ya fi, kar mai saye ya ɗauka man zaitun ya saya.

Ya za ku gane? Ku duba reshe. A dangin zaitun galibi ganye biyu-biyu suke fitowa suna kallon juna. Ku buɗe furen a hankali, 'yan zaren nan masu garin fure guda 2 ne kawai, na atili kuwa 6 ne. In kuka ɗan kankare bawon bishiyar atili ma za ku ji ƙamshin ƙaro.

Aikin gida: kowa ya samo reshen yasmin ɗaya da ganyen atili, ya ƙirga zaren furen in akwai fure, ya rubuta lambar a littafinsa. Ku zo da su aji mako mai zuwa.