Yadda Ake Ɗaukar Mai Injin Yanka Ya Mayar da Gumagumai Itacen Girki

Idan iskar farkon damina ta kayar da darbejiya a ƙofar gida, ko aka sare tsohuwar bishiya a gona, rassan ba sa jimawa a ƙasa domin mata da yara suna kwashe su, amma gungumen yakan kwanta wata da watanni har gara ta fara cinsa. Masu injin yanka itace suna zuwa har inda gungumen yake, galibi a kan babur, da injin a ɗaure a baya da jarkar fetur a gefe. A Turai da Amurka akwai babban inji da mota take ja, wanda yake yanka gungume ya kuma faskara shi a lokaci guda, amma a nan aikin ya kasu gida biyu: mai inji yana daddatsa gungumen, masu gatari kuma suna faskarawa. Mafi yawan saɓanin da ake samu tsakanin mai itace da ma'aikata daga wannan rabuwar yake tasowa, saboda haka duk abin da za a daidaita, a daidaita shi kafin a tayar da injin.

Abu na farko shi ne izini. Idan bishiyar tana tsaye, ko da a gonarka take, ka tuntuɓi sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku ko malamin daji kafin a taɓa ta, domin sare bishiya ba tare da takarda ba yana iya jawo tara da ƙwace injin. A Nijar, gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare. Idan kuma gonar ta gado ce ko ta haya, a ji ta bakin sauran masu haƙƙi tukuna.

Bayan haka sai a duba ko itacen ya cancanci kuɗin da za a kashe masa. Marke da ƙirya suna da nauyi, suna daɗewa a murhu, kuma garwashinsu yana riƙe zafi, sai dai taurinsu yana dakusar da sarƙar inji, wato mai haƙoran da suke yin yankan, da wuri, don haka mai aiki zai nemi ƙari, kuma yana da gaskiya. Darbejiya da mangwaro da turare sun fi sauƙin yanka. Kuka kuwa ba ta cancanci ko litar fetur ɗaya ba, domin cikinta laushi ne da ruwa.

Wajen neman mai aikin, masu sayar da itace da masu gidan burodi da 'yan katako sun fi kowa sanin wanda hannunsa ya faɗa. Kada a yi ciniki ta waya. A bar shi ya zo ya ga kaurin gungumen da idonsa, ya ga ko akwai katanga ko wayar lantarki a kusa, ya kuma ga hanyar da amalanke ko kura za ta bi a kwashe itacen. A ganina jinga ta fi biyan yini, domin wanda ake biya da yini ba ya gaggawa, kuma idan injin ya tsaya ana gyara, lokacin mai itace ne yake tafiya. Sai dai jinga ba ta da amfani idan ba a fayyace abin da ta ƙunsa ba. A tambaye shi dalla-dalla: «Malam, kuɗin nan har da faskare ne, ko yanka kaɗai? Wa zai sayi fetur da mai? Kututturen fa, yana ciki?» Kututture aiki ne dabam, saboda ƙasa da tsakuwar da suka maƙale a saiwa suna lalata sarƙa nan take, kuma da yawa daga masu inji ba sa yarda su taɓa shi sai da wani farashi. A ba da kafin alƙalami daidai kuɗin fetur, sauran kuma sai an gama, kuma a yi maganar a gaban shaida.

Tsawon yanka shi ne abin da aka fi mantawa, alhali shi ne zai nuna ko itacen zai yi amfani. Mai inji, idan aka bar shi, zai datsa dogo-dogo, domin yanka kaɗan yana nufin fetur kaɗan. Gidan burodi yana son dogon itace, amma murhun gida yana buƙatar abin da bai wuce kamu ɗaya ba, wato kimanin santimita 45 zuwa 50, kuma gajeren gunduwa ya fi sauƙin faskarawa nesa ba kusa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce uwargida ta karya kara daidai tsawon da take so, a bi gungumen da shi ana sa alama da gawayi tun kafin mai inji ya iso. Hakan yana kashe gardama tun daga tushe.

Akwai shirin da ya rataya a wuyan mai itace. Bishiyar da ta girma a cikin gari ba ta rasa ƙusa ko guntun waya da aka ɗaura igiyar shanya ko aka kafa allo, kuma ɓawo yakan haɗiye su har ba a ganin komai sai ɗan kumburi da tsatsa. A bi a cire abin da ya ciru, a nuna wa mai inji sauran. A share turɓayar da ke jikin gungumen, a sa ƙananan rassa a ƙarƙashinsa domin ya ɗaga daga ƙasa. Idan mai itace ne zai kawo mai, ya sani cewa injinan Stihl da Husqvarna suna aiki ne da fetur da aka gauraya da man da aka yi musamman domin irin wannan inji, a ma'aunin 50 da 1, wato mililita 100 na man a cikin lita 5 na fetur, sannan akwai wani man dabam na shafa wa sarƙa.

Ranar aiki, a kori yara da dabbobi daga wurin gaba ɗaya, domin ƙarar inji tana jawo yara, mai yanka kuma ba ya jin kira. Idan bishiya za a kayar, kowa ya ja baya ninki biyu na tsawonta. Kada wani ya riƙe gungume da hannu ko ƙafa ana yanka, saboda idan bakin injin ya taɓa wani abu yakan yi tsalle ya koma baya. Ana gane sarƙa mai kaifi da irin abin da take zubarwa: ɓarɓashi manya-manya ne suke fita, amma idan gari mai laushi yake tashi, ga hayaƙi, sarƙar ta dakushe, fetur kawai ake ƙonawa, sai a tsaya a wasa ta.

Faskare ya biyo baya cikin 'yan kwanaki, domin itace ba ya bushewa sosai sai an tsaga shi, kuma yawancin itatuwa sun fi tsaguwa suna ɗanye. A jera faskararren a kan duwatsu ko bulo, nesa kaɗan da bango, inda iska take ratsawa. Wanda aka yi wa aiki da hunturu zai kama wuta sosai kafin bazara ta ƙare, na damina kuwa sai an rufe samansa da kwano ko leda, a bar gefunan a buɗe.