Kurakuran da aka fi yi idan sanarwar sabuwar sigar PostgreSQL ta fito

Masu kula da PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, ba kasafai suke yi wa kowa ba-zata ba. Babbar siga tana fitowa sau ɗaya a shekara, wajen Satumba ko Oktoba: ta 16 a 2023, ta 17 a 2024, ta 18 a 2025. Ƙananan gyare-gyare kuma sau huɗu a shekara, ranar Alhamis ta biyu a Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba. Duk da wannan tsari, yawancin wahalar da masu riƙe da rumbun bayanai ke sha daga yadda suke karanta sanarwar take farawa. Wasu kanun kawai suke dubawa, wasu ko buɗe ta ba sa yi.

Na farko shi ne rikita lambobi. Kafin 2017, lambobi biyu na farko ne ke nuna babbar siga, wato 9.5 da 9.6 sigogi ne daban. Daga siga ta 10 aka sauya: lambar farko ce babba, ta bayan ɗigo gyara ce. Saboda haka tashi daga 16.3 zuwa 16.4 ƙaramin aiki ne. Ka tsayar da rumbun, ka sa sabuwar manhajar, ka tayar, shi ke nan, ba ka taɓa bayananka ba. Tashi daga 16 zuwa 17 kuwa ƙaura ce, domin yadda ake jera bayanai a faifai yana iya canzawa. Wanda bai bambance su ba, ko dai ya shekara biyu yana tsoron ƙaramin gyara alhali a ciki ake toshe ɓarakar tsaro, ko ya afka wa babbar siga da rana tsaka yana zaton aikin minti biyar ne.

Sai dai ƙaramin gyaran ma yakan zo da sharaɗi, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Kowace takardar bayanin siga tana da wani gajeren sashe a samanta da ke faɗin abin da za ka yi da hannunka bayan sabuntawa. A Yunin 2022 an fitar da 14.4 ba a lokacin da aka saba ba, domin an gano cewa a sigogi 14.0 zuwa 14.3 umarnin CREATE INDEX CONCURRENTLY na iya gina fihirisa (jerin da rumbun ke bi don saurin nemo layuka) mai giɓi, a tsallake wasu layuka ba tare da wani gargaɗi ba. Sa 14.4 yana hana matsalar sake faruwa, amma ba ya gyara fihirisar da ta riga ta lalace. Sai ka sake gina ta da kanka. Wanda ya sabunta ya tafi abinsa, rumbunsa zai ci gaba da cewa babu wani layi alhali yana nan. Irin wannan ya fi rumbu ya faɗi muni, don faɗuwa kowa yana ganinta. Maganin shi ne ka karanta wannan sashe na kowace siga da ka tsallake, ba ta ƙarshe kaɗai ba. In kana kan 14.1 za ka koma 14.10, duk na tsakaninsu sun shafe ka.

Akwai kuma masu gaggawa. A ranar 14 ga Nuwamba 2024 aka saki 17.1, sai ga shi wani sauyi a cikinta ya rikita wasu ƙarin manhajoji da ake ɗora wa rumbun, irin su TimescaleDB. Bayan mako guda aka fitar da 17.2 don gyarawa. Ba ina cewa a riƙa jira wata shida ba ne. Ka sa gyaran a na'urar gwaji mai ɗauke da duk ƙarin da kake amfani da su, ka bar shi kwana biyu ko uku, sannan ka kai shi inda aikin gaske yake.

Labarin abin da ke tafe ma ana yi masa mummunar fahimta. Sigar gwaji takan fito a watan Mayu, mutane su ga an ambaci sabon abu su fara gina aiki a kansa. Umarnin MERGE ya shiga ana shirin siga ta 11, aka cire shi, bai dawo ba sai a ta 15. An cire wasu ayyukan SQL/JSON daga 15 ana dab da sakinta. Abin da bai fito a siga ta ƙarshe ba, kada ka yi wa maigidanka alkawari da shi.

Ranar babbar ƙaura kuwa, ga inda ƙafa ta fi zamewa. Mai amfani da Docker (manhajar da ke tafiyar da wasu manhajoji a keɓe) da ya rubuta postgres:latest, wato a jawo siga mafi sabunta, zai wayi gari wata rana rumbun ya ƙi tashi, yana cewa fayilolin bayanan ba su dace da manhajar ba, saboda an jawo sabuwar babbar siga a kan tsohuwar ajiya. Rubuta lambar sigar ƙarara. A tsarin Linux na Debian da Ubuntu kuma, sa sabuwar siga ba ya kwashe bayananka. Yakan buɗe sabon rumbu wayam a tasha (lambar da ake haɗuwa da rumbun ta kanta) ta 5433, tsohon na ci gaba da aiki a 5432, mutum ya yi ta murna ya sabunta alhali bai motsa ba. Umarnin pg_lsclusters zai nuna maka gaskiya.

In da pg_upgrade, manhajar ƙaura tsakanin manyan sigogi, za ka ƙaura, fara da --check, wanda ke duba dacewa ba tare da taɓa bayanai ba. Ka kuma sani cewa in ka zaɓi --link don sauri, da zarar sabon rumbun ya tashi babu komawa tsohon, sai da kwafin ajiya, kuma kwafin da ba a taɓa gwada maido da shi ba bai cancanci a dogara da shi ba. Bayan ƙaura zuwa 17 ko ƙasa da ita, ƙididdigar da rumbun ke dogara da ita wajen zaɓen hanyar bincike ba ta biyo ka, shi ya sa tambayar da ke ɗaukar daƙiƙa ɗaya take komawa minti, a yi ta zagin sabuwar siga. Gudanar da ANALYZE, umarnin da ke sake tara ƙididdigar, kafin ka buɗe wa jama'a. Sai a siga ta 18 aka fara tahowa da yawancin ƙididdigar. Daga 15 kuma, a sabon rumbu, ba kowane mai shiga ke da izinin ƙirƙirar tebur a cikin sashen da ake kira public ba, sai ka ba shi da GRANT.

Kowace babbar siga shekara biyar ake kula da ita. Ta 12 ta daina samun gyara a Nuwamba 2024, ta 13 a Nuwamba 2025. In lokacin ya zo maka tare da sauya tsarin na'urar gaba ɗaya, ka kula da wani tarko da ba ya cikin sanarwar PostgreSQL: glibc 2.28, wata manhajar tushe ta Linux wadda ta zo da Debian 10 da RHEL 8 (Linux na kamfanin Red Hat), ta canza yadda ake jera haruffa. Duk fihirisar da aka gina a kan rubutu a tsohuwar na'ura, in an kwafe fayilolin kai tsaye zuwa sabuwa, sai an sake gina ta da REINDEX kafin a fara aiki.