Yadda za ku horar da hannun mutum-mutumi ya kwance tsofaffin kayan lantarki don shiga gasa

Duk wanda ya taɓa zagaya harajin Sawarik, kasuwar gwanjo da ke kudancin Jidda, ya ga inda tsofaffin kayan lantarki suke ƙarewa: kwamfutocin da suka mutu, rimot ba murfi, firintoci an jibge su kamar buhunan gero. A cikinsu akwai jan ƙarfe da alminiyom da ɗan zinare a bakin filogai, akwai kuma dalma da batiran da ke iya kamawa da wuta. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, kuma kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Kwance kayan kafin a niƙa su har yau yawanci hannun ɗan Adam ne ke yi, domin inji ya iya haɗa sabon abu iri ɗaya sau dubu, amma tsohon abu kowanne da irin lalacewarsa.

Wannan giɓin ne ya haifar da gasa irin Robothon, wadda Jami'ar Fasaha ta Munik a Jamus ta fara a 2021 tare da baje kolin automatica. Ana aika wa kowace tawaga wani ƙaramin akwatin gwaji, ta yi aikin a ɗakin bincikenta. A zagayen farko ayyukan sun haɗa da danna shuɗin maɓalli, zura makulli a murɗa, cire wayar intanet daga wani rami a sa a wani, buɗe murfin gidan batir a fitar da batiran, sannan a danna jan maɓalli. A 2023 an kawo buɗe ƙofa, taɓa da'irar lantarki da tsinken awo, da naɗe waya. Akwatin da kansa yake ƙirga lokaci, ana ajiye shi a inda hannun bai sani ba, kuma da zarar an fara babu mai sa hannu. Ana kuma so tawaga ta nuna cewa abin da hannun ya koya yana aiki a kan tsohon kaya na gaske. Ɗalibanmu da ke jami'o'in Makka da Jidda da Madina, in dai akwai hannun inji a sashenku, kuna da abin shiga irin wannan. Ku dai karanta dokokin shekarar da za ku shiga da kanku, domin ayyukan suna sauyawa.

Kayan aiki

Hannun da ya dace shi ne wanda yake jin ƙarfin da yake turawa. Hannu samfurin UR5e yana ɗaukar kilo 5, yana miƙewa milimita 850, kuma yana da ma'aunin ƙarfi a wuyan hannunsa. Franka Panda yana da gaɓoɓi 7, kowace da ma'auninta, yana ɗaukar kilo 3. Ko wanne kuka samu ya isa. Hannun da ba ya jin komai kuwa, sai kun ƙara masa ma'auni tsakanin wuya da yatsu, in ba haka ba zai riƙa karya makulli yana lanƙwasa filogi bai sani ba. Kyamara ku ɗaura ta a jikin hannun. RealSense D435 tana buƙatar tazarar kusan santimita 30 kafin ta auna zurfi sosai, D405 kuwa an yi ta ne don aikin kusa, daga santimita 7 zuwa 50. Manhaja: ROS 2 da MoveIt don motsi, OpenCV don gani. Teburin ya zama mai nauyi, a ɗaure gindin hannun da noti, kada ya girgiza ko kaɗan.

Inda ya kamata ku zuba lokacinku shi ne yatsu. Tawagogi da yawa suna kwashe makonni a kan lissafin gani, alhali yatsa mai kyau zai kashe rabin matsalar. Ku buga yatsun da firintar 3D, ku yi musu kwarmi mai siffar V a ciki, yadda duk abin da suka matsa mai zagaye, batir ne ko tsinken awo, zai zame da kansa ya zauna a tsakiya. Batirin AA kaurinsa kusan milimita 14.5 ne, tsawonsa kusan 50, ku yanka kwarmin daidai da shi. A bakin yatsa ɗaya ku fitar da ɗan farce mai kaurin milimita 1 don ɓamɓare murfi, a bayan ɗayan ku bar dunƙule mai laushi don danna maɓalli. Haka yatsu biyu za su yi aikin kayan aiki uku, ba sai an tsaya sauya kai ba.

Kada ku buga su da robar PLA a ƙasar nan. Yana fara laushi a wajen digiri 60, kuma motar da aka bari a rana a Jidda cikin Yuli cikinta yana iya kaiwa nan. Yatsan da ya ɗan lanƙwashe da rabin milimita ba za ku gani da ido ba, sai dai ku ga makulli ya daina shiga. Zaren PETG ya fi jure zafi, sannan ku liƙa masa fatar TPU, roba mai laushi, a inda yake riƙo. Zaren bugawar ku ajiye shi a cikin roba mai murfi da garin tsotse danshi, domin raɓar bakin teku tana shiga cikinsa, bugun ya fito da kumfa-kumfa, ya yi saurin karyewa.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima

Aikin kyamara ke nan: ta san kima, ta kai hannun kusa. Aunawa ta ƙarshe taɓawa ce za ta yi. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe gasar.

Ku fara da saita kyamara da hannun. Ku buga allon ChArUco, wato takarda mai gidajen fari da baƙi da alamomin da kyamara ke ganewa, ku liƙa shi a kan gilashi ko ƙarfe mai shafaffen jiki, kada a kwali domin yana kumbura. Ku ɗauki hotuna 15 zuwa 20 daga wurare daban-daban, kuna karkatar da wuyan hannun hagu da dama, gaba da baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙa matsar da hannun kawai ba a juya shi, lissafin kuwa juyin yake buƙata. Bayan kun gama, ku gwada: ku sa alama a tebur, kyamara ta gano ta, hannun ya sauko da tsinke a kanta, daga kusurwoyi huɗu. In ya kauce fiye da milimita 2, ku sake. Ku tuna cewa kuskuren digiri ɗaya a tazarar santimita 30 yana zama kusan milimita 5, ramin makulli kuwa ba ya yafe ko ɗaya.

Wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ba 50 ba kamar ta Najeriya da Nijar da Turai. Fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 120 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. In kuka ɗauko saitin wani da ya yi aikinsa a Jamus, za ku ga ratsi-ratsi suna yawo a hoton, launin maɓalli yana sauyawa daga hoto zuwa hoto. Ku sa kyamarar a kan 60, ku kulle lokacin shigar haske a kan milidaƙiƙa 8.3 ko 16.7, ku kashe daidaita fari na kai-da-kai. Tagogi kuma a rufe su da labule mai kauri, domin hasken Azahar da na La'asar ba ɗaya ba ne.

Akwatin gwajin da yawancin kayan lantarki baƙaƙe ne masu sheƙi, ma'aunin zurfi yana rikicewa a kansu. Tunda kun san tsayin akwatin daga tebur, ku nemo shuɗi da jan maɓalli a hoton launi, ku jefa wurinsu a kan wannan tsayin da kuka sani. A OpenCV launin ja yana zaune a farko da kuma ƙarshen ma'aunin launi, kusa da 0 da kusa da 179, sai kun haɗa yankunan biyu.

Daga nan sai taɓawa. Hannun ya sauko gefen akwatin da yatsu a rufe, ya matso a hankali, milimita 5 zuwa 10 a daƙiƙa, ya tsaya da zarar ya ji turjiyar niyuton 3 zuwa 5 (niyuton awon ƙarfin turi ne). Ya taɓa wuri biyu a dogon gefe, ɗaya a gajeren gefe. Taɓawa ukun nan sun ba ku inda akwatin yake da yadda ya karkata. Kafin kowace taɓawa ku mayar da ma'aunin ƙarfi sifiri yana sama bai taɓa komai ba, domin yana zamewa yayin da injin ke ɗumama. Shi ya sa ma ake barin hannun ya yi ta motsi na minti 20 zuwa 30 kafin gwaji na gaske, musamman a ɗakin da mukayyif, wato injin sanyaya ɗaki, ya kwana yana hurawa.

Zura makulli ko filogi kuma, kada ku nufi ramin kai tsaye ku tura. Ku ɗora bakin abin a kusa, ku danna da kamar niyuton 5, hannun ya riƙa zagayawa kamar dodon koɗi, kowane zagaye yana faɗaɗa da rabin milimita. Da ya ji ya faɗa ƙasa da milimita 1 ko 2, ya samu ramin, sai ya daina zagaye ya tura. In ya kai faɗin milimita 5 bai samu ba, ya ɗaga ya sake daga farko. In zagayen ya yi faɗi da yawa zai tsallake ramin, in dannawar ta yi ƙarfi bakin zai kafe ya ƙi zamewa. Filogin wayar intanet yana da ɗan harshe da ke kulle shi, dole yatsa ɗaya ya danne harshen kafin a ja. Bayan an zura kuma, hannun ya ɗan ja baya kaɗan, in ya ji turjiya to ya kullu.

Kaya na gaske

Rimot ne mafarin da ya fi sauƙi. Ku sayo goma masu siffa daban-daban, riyal kaɗan ne a haraj. Batirin yana zaune ne da sifirin a ƙarshensa mai shafaffen kai, don haka farcen ya shiga ta wajen mai ɗan tsini, ya tura shi wajen sifirin milimita 2 ko 3, sannan ya ɗaga. Wanda ya ja sama kai tsaye zai ɗaga rimot ɗin gaba ɗaya. In kun ga farin gari ya daskare a bakin batir, ya tsiyaye ke nan, ruwansa yana cin fata, ku sa safar hannu da tabarau.

Ma'ajiyar bayanai ta kwamfutar tebur, mai inci 3.5, ita ce darasin kwance sukuru. Yawancin sukurorin murfinta masu kan tauraro ne, Torx T8, kuma sau da yawa akwai wanda aka ɓoye a ƙarƙashin takardar da aka liƙa a sama. In murfi ya ƙi ɗagowa bayan an cire duk na fili, shi ne. Ku ɗaura ƙaramin sukudireba mai mota a kan sifirin da zai ba shi damar motsi na 'yan milimitoci. Ya sauko ya danna, ya juya a hankali har bakin ya faɗa cikin kan sukurun, sannan ya ƙara gudu. Sukuru yana tasowa yayin da yake kwancewa, sukuru mai lamba M3 yana hawa rabin milimita a kowane juyi, M2.5 kuma 0.45, dole hannun ya riƙa ja da baya daidai da haka. In bai ja ba zai danne shi ya cinye zaren, in ya ja da sauri bakin zai fita ya gwigwiye kan. Masu kan gicciye sun fi buƙatar dannawa, domin siffarsu tana tura bakin sukudireba waje. Wasu sukurorin mayen ƙarfe ba ya kama su, sai da bututun zuƙar iska. A ciki kuma akwai mayen ƙarfe mai ƙarfin gaske da zai fizge duk sukurun da ya faɗi kusa. Abu ɗaya da bai shafi inji ba: ma'ajiyar da kuka saya tana iya ɗauke da hotunan iyalin wani da takardunsa. Amana ce ta faɗo hannunku, kada ku jona ta don leƙawa.

Wayar salula da batirinta ya kumbura, ku bar ta. Batirin litiyom mai laushi in aka huda shi ko aka lanƙwasa yana kamawa da wuta, kuma hannun inji da farce a baki ba abin da za a sake a kansa ba ne. Haka tsohuwar talabijin mai ƙeya, da akwatin wutar kwamfuta wanda ke iya riƙe caji bayan an zare shi. Ku ajiye bokitin ƙarfe da yashi a gefen tebur, ku liƙa salatif a bakin duk batirin da kuka cire, ku tara su ku miƙa wa masu sarrafa shara da ke da lasisin MWAN, hukumar kula da shara ta Saudiyya.

Ƙirga nasara kafin ƙirga daƙiƙa

In ayyuka shida ne kuma kowanne yana cin nasara sau 9 cikin 10, damar a gama su duka a jere kashi 53 ce kawai cikin ɗari. In kowanne ya kai 98 cikin 100, ta haura 88. Don haka ku gwada kowane aiki shi kaɗai sau 30, kuna sauya wurin akwatin kowane karo, ku rubuta abin da ya faru a duk faɗuwa: ina yatsa ya zame, nawa ma'auni ya nuna, ƙarfe nawa ne. Bayan kowane mataki hannun ya tabbatar da kansa. Faɗin buɗewar yatsu zai gaya masa ko ya riƙe batir ko iska ya damƙa, in iska ce ya sake sau biyu, in ya ƙi ya wuce aiki na gaba. Sai komai ya zauna sannan ku ƙara gudu, shi ma a tafiyar da hannun yake yi a sarari, ba a lokacin taɓawa ba.

Mako guda kafin ɗaukar bidiyon gasa ku daina taɓa manhajar. Ku buga yatsu na ajiya ƙafa biyu, ku goge gilashin kyamara domin ƙurar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa tana dusashe shi, ku duba notin da ke riƙe da ita bai saki ba. Wanda zai ajiye akwatin a tebur ya zama ba ya cikin masu rubuta manhajar, ya karkata shi yadda ya ga dama, mutum ɗaya kuma ya tsaya da tafinsa a kan maɓallin tsayar da inji har a danna ja.